Ɓerayen Dakta Sun Fi Ta Gata

Matar Dakta ta rasa ƙwaƙwalwarta da ciwon da mijinta ya fi kowa saninsa a duk jami'arsu. Ba mota ce ta buge ta ba, ba daga bene ta faɗo ba. Amai ta yi ta yi a cikin gidansa, yana ji, uwarsa na ji, har kanta ya ƙone.

Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu. Tela ce. Kekenta na falo kusa da taga, kuma kafin cikin nan ba a wuni ba a ji ƙararsa ba. Cikin fari ne. Yana shiga wata na biyu laulayi ya sauko mata, irin wanda ba ya jin lallashi. Ta ci, ya dawo. Ta sha ruwa, ya dawo. Ko yawun bakinta ta haɗiya sai ta lalubi roba. Maƙwabta su soya albasa a gidansu, ita ce za ta durƙusa a nata.

Inna, uwar Dakta, ta zo da sunan jinya. Ta sauke jaka a ɗakin baƙi, ta karɓe makullin kicin, sannan ta zo ta tsaya a kan Auta, hannu a ƙugu.

"Wannan ne ciwon da aka taso ni a kansa? Amai?"

"Inna, komai ba ya zama."

"Tara na haifa, 'yar nan. Wannan da kike aure, ina tsaye ina wanki naƙudarsa ta kama ni, kuma sai da na shanya kayan. Ku 'yan yanzu ciki ɗaya sai kun tara wa mutane jama'a. Tashi ki share falon nan, jini ya motsa."

Auta ta tashi ta share. Tana kaiwa bakin ƙofa ta amayar a kan inda ta share, ta sake sharewa.

Shi Dakta ba likitan asibiti ba ne, kada a yi kuskure. Dakta ne na karatu. Aikinsa binciken ƙwaƙwalwa, kuma tun yana saurayi abu ɗaya ya riƙe: wani bitamin da suke kira B1, da irin ɓarnar da rashinsa ke yi wa kan mutum. Yana da ɗaki guda a jami'a cike da fararen ɓeraye a keji. Sai ya hana su bitamin ɗin da gangan, ya zauna yana kallonsu har su fara tangaɗi su kasa tsayuwa. Wasu ya yi musu allura su miƙe, wasu ya bar su, daga baya ya buɗe kawunansu ya duba abin da ya lalace. Da wannan ya ci abinci, ya gina gida, ya hau jirgi. Yanzu kujerar farfesa yake nema, kuma saura ƙiris.

Ɗakin ɓerayen nan har na'urar sanyi gare shi. In wuta ta ɗauke aka kira shi, Dakta zai bar abinci a faranti ya fita da silifas. Kowane ɓera sai an auna nauyinsa kullum safiya. Auta kuwa zobenta ya zame daga yatsa ya faɗa robar amai, ba wanda ya ce a ɗora ta a sikeli.

Ba za a ce bai yi komai ba. Wata safiya ya ajiye mata kwalbar ƙwayoyi a kan durowa.

"Ɗaya da safe, ɗaya da yamma."

"Dakta, ba za ta zauna ba."

"Ki daure ta zauna."

Ta haɗiya a gabansa. Kafin ya gama ɗaura agogo ƙwayar ta dawo cikin roba, ko jan bayanta bai narke ba. Ya gani da idonsa. Ya kawar da kai ya ce ya makara. Daga ranar, duk wanda ya tambaye shi jikin iyali sai ya ce, "Da sauƙi, tana kan magani."

Ana cikin haka aka gayyace shi wani babban taro ya yi jawabi. Ranar wata Asabar da yamma ya tsaya a tsakiyar falo yana gwada jawabin, Inna na kan kujera ita ce jama'a. Da ya ga ba ta fahimtar komai sai gyaɗa kai, sai ya sauko mata da shi ƙasa.

"Inna, ƙwaƙwalwa kamar injin mota take. Sukari shi ne fetur ɗinta. Bitamin ɗin nan kuma shi ne baƙin mai. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, 'yan makonni in ba a ci ba ya ƙare. To in ya ƙare, kika ci gaba da ɗura fetur kina taka totur, me zai faru?"

"Ina na sani, ni da ko keke ban iya ba?"

"Injin zai buga. Kafin ya buga kuma yana ba da alama. Ido ya riƙa rawa, mutum ya ga abu ɗaya ya zama biyu. Ƙafa ta riƙa tangaɗi. Sai tunani ya rikice. Maganin kuwa allura ce ta jijiya, mai arha. In an yi da wuri, mutum ya tashi kamar ba shi ba. In an makara, an makara."

"Ikon Allah! Duk a jikin ɓera ka gano wannan?"

Auta na kwance a ɗaki, ƙofa a buɗe, ba kalmar da ta wuce ta. Ta sauko daga gado, ta bi bango da hannu har falo.

"Dakta, su wa ciwon yake kamawa?"

Ya juyo, takardu a hannu. "Mashaya giya. Da waɗanda yunwa ta ci ƙarfinsu. Da kuma..." Sai ya koma duba takardun.

"Da wa?"

"Wani lokaci masu dogon amai."

"To ni fa? Tun shekaranjiya in na zauna a keke allura biyu nake gani. Na rasa wadda zan sa wa zare."

Dakta ya yi dariya, ya dubi uwarsa. "Kin ji ko, Inna? Haka ɗalibaina suke. Duk ciwon da na koyar yau, gobe rabin aji sun kamu da shi." Ya dubi Auta. "Ke ɓera ce?"

Inna ta yi dariya har da buga cinya. "Ɓera ma ai yana ci. Wannan ko ɓera ya fi ta amfani a kicin."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta riƙe bayan kujera. "Don Allah ka kai ni asibiti."

Nan fuskarsa ta canza. Ya ajiye takardun, ya rage murya, irin muryar da yake yi in yana so a san maganar ta ƙare.

"Kin san su wa ke asibitin nan? Yaran da na koyar. Da mutanen da za su zauna a kan takarduna wata mai zuwa. In shiga da matata a kan gadon turawa, a rubuta ciwon yunwa? A gidana? Ni? Ki bari in je taron nan in dawo, ni da kaina zan duba ki."

"In ka dawo," in ji Inna. "Kin dai ji. Koma ki kwanta, kin katse masa karatu."

Kwanakin da suka biyo baya ƙasa ta fara yi wa Auta wasa. Ta sa ƙafa inda take ganin tayil, sai tayil ɗin ya matsa. Wata mata ta zo karɓar rigarta, Auta ta yi ƙarfin hali ta hau keke don ta ƙarasa kalmasa, ɗinkin ya tafi a karkace ya cinye gaban rigar. Matar ta ɗaga rigar ta duba, ta dubi Auta, ta ce, "Baiwar Allah, ke da ke buƙatar gadon asibiti me ya haɗa ki da keke?" Inna ta raka ta har ƙofa tana ba ta haƙuri, tana cewa sakarci ne kawai na 'yan zamani.

Rannan ta faɗi a banɗaki, goshinta ya bugi bakin famfo. Ta daɗe a ƙasa tana kira. Da Inna ta zo, abin da ta fara dubawa famfon ne.

A ranar aka mayar da ita ɗakin baya, inda ake ajiye tsofaffin akwatuna da katifar baƙi. Inna ta ce ƙarar amai na hana Dakta tunani, kuma warin na shiga kayansa na tafiya. Dakta yana tsaye aka ɗauki matashinta. Ya ce, "Na ɗan lokaci ne. Can ma ya fi iska." Tagar ɗakin katangar maƙwabta take kallo.

Waya ce ta rage mata. Iyayensu sun rasu, yayanta ne uwa da uba, direban babbar mota, ya yi nisa da kaya. Ya kira, ta ce masa, "Yaya, jikin nan ya ƙi," sai kuka ya ƙwace mata. Inna na bakin ƙofa. Ta shigo ta zare wayar daga hannunta.

"Lafiyarta ƙalau, ɗana, laulayi ne. Ka san auta da shagwaɓa. Ka yi tuƙinka a hankali." Ta kashe, ta jefa wayar a aljihun jakarta. "Ƙararmu za ki riƙa kaiwa? A ce muna kashe ki? In kin warke kya karɓa."

Ranar tafiya Dakta ya leƙo ɗakin da jakarsa a hannu, yana ƙamshin turare. Ƙamshin kaɗai ya sa ta juya ta nemi roba. Bai jira ta ɗago ba. Sai da ya kai filin jirgi abin ya ɗan taɓa shi, ya kira ƙaninsa mai shagon kemis ya ce, "Ka leƙa gida ka sa mata ruwa, ta ɗan farfaɗo kafin in dawo." Ruwa kawai ya ce. Mutumin da ya shekara da shekaru yana rubutu a kan wane ruwa ne ke kashe ƙwaƙwalwa, bai ƙara kalma ɗaya ba, don an fara kiran shiga jirgi.

Mai kemis ya zo da yamma da kwali a kafaɗa. Mutum ne mai barkwanci, ko gawa ya gani sai ya tsokane ta.

"Kai, matarmu! Haka kika koma? Yaya ya tafi ya bar min tsinken tsintsiya. In iska ta taso sai mun ɗaure ki da igiya."

Ya cire wani tsohon hoto daga bango, ya rataya jakar ruwan a ƙusar. Ya sha wahala kafin ya sami jijiya, sai da ya huda ta wuri uku yana cewa jijiyoyinta ma rowa gare su.

"Wane ruwa ne?" in ji Auta. Muryarta ta zama kamar ta mai magana daga cikin rijiya.

"Gulukos ne zalla, sukari mai ƙarfi. Jaka biyu kawai, gobe ki yi tsere da ni ki wuce ni."

Sukari. Kalmar ta taɓa wani abu a kanta. Ta san ta ji magana a kan sukari, a falo, da muryar mijinta, kuma maganar ba ta alheri ba ce. Ta yi ƙoƙarin haɗa ta, gutsattsarin suna zamewa.

"Dakta ya ce... fetur ne. Ba a sawa sai da baƙin mai. Injin zai buga."

Mai kemis ya saki baki, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Inna! Zo ki ji, matar Yaya ta koma bakanike! To ranki ya daɗe, in mun gama sai mu duba miki birki da taya."

"Cire min," in ji Auta. Ta kai ɗaya hannun za ta fizge robar. Inna ta kama hannun ta danne shi a katifa.

"Kin ƙi ci, kin ƙi sha, yanzu ruwan ma za ki ƙi? Buɗe shi sosai, ɗana."

Ya buɗe. Auta ta kwanta tana kallon ɗigon yana sauka, biyu-biyu take ganinsa, har ta daina sanin me ya sa take tsoronsa.

Washegari aman ya ragu, don babu sauran ƙarfin yinsa. Barci ya danne ta, irin wanda in an tashe ta sai ta buɗe ido ta sake komawa. Mai kemis ya ce ruwan ya karɓe ta, ya ƙara wata jaka. Inna ta ce da ma ta faɗa, ba wani ciwo. Kullum ya rufe shago sai ya biyo ya rataya sabuwa, jakunkunan da suka ƙare suna taruwa a kwali bayan ƙofa.

Wata safiya Inna ta shigo da kofin shayi. Auta ta dube ta da kyau, cikin ladabi ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Inna ta ajiye kofin a hankali. "Me kika ce?"

"Masu gidan ba sa nan. In ɗinki ne, ki dawo gobe."

"Ni za ki yi wa wasan kwaikwayo? Ni, uwar mijinki?" Ta kai mata duka a cinya da bayan hannu. Auta ta dubi wurin da aka doka, ta dubi Inna, ba ta gane me ta yi ba. Inna ta ɗauke shayin. "Yunwa za ta tuna miki ko ni wace ce." Ta ja ƙofa.

Dakta ya dawo da rana tsaka, da allon yabo da aka ba shi a taron, an rubuta sunansa da ruwan zinariya. Sai da Inna ta shafa allon ta sa masa albarka, ya ci abinci, ya wanke hannu, sannan ya ce bari ya duba mai jiki.

Wari ne ya fara tarbarsa. Auta na kwance a karkace, leɓɓanta sun tsage, hannunta duk shaidar allura. Ya kira ta. Ta buɗe ido.

Kallo ɗaya ya yi wa idanun ya sani. Ƙwayar idon na rawa, tana fizga gefe tana dawowa, kamar allurar agogon mota a kan hanya mai gargada. Ya ɗaga kai ya ga jakar da ke rataye a ƙusa, ya karanta abin da aka rubuta a jikinta. Ya daɗe a tsaye.

Sai ya juya ya rufe ƙofa, ya murza makulli.

Ya durƙusa, ya kunna fitilar wayarsa. "Bi yatsana da ido. Kada ki juya kai." Ya kai yatsan dama, idon hagu ya bi, na dama ya tsaya a tsakiya ya ƙi fita. Ya kai hagu, haka. Duk shekarun nan a ɓera yake ganin abin, a mutum kuwa sai dai a hotunan wasu. Ga shi yau cikakke, ba abin da ya ɓace, a kan katifar baƙi ta gidansa. Ya juya wayar ya fara ɗaukar bidiyo.

Auta ta gane shi. Ta ga waya a saitin fuskarta, sai ta yi murmushi da tsagaggun leɓɓa, ta kai hannu kanta.

"Hoto za ka yi min? Bari in ɗaura ɗankwali."

"A'a, haka ma ya yi. Bi yatsan. Sake. Yawwa, sake."

Da ya gama ya zare robar ruwan, ya fita ya kira ƙaninsa. A bayan gida suka yi maganar, murya ƙasa-ƙasa don maƙwabta.

"Wa ya ce ka sa mata sukari?"

"Kai ka ce ruwa, Yaya. Wanda nake sa wa kowa ke nan."

"Jaka nawa?"

Mai kemis ya nuna kwalin. Dakta ya leƙa, ya dafe kai.

"Kana da allurar B1 a shago?"

"Wa ke tambayarta da zan ajiye? Sai dai in sa a kawo."

"Sa a kawo. Waɗannan kuma ka kwashe su ka ƙone, kada in ga ko ɗaya."

Inna ta fito tana gyara mayafi. "Kada ka ɗaga wa ƙaninka murya a kan mace. Taimako ya yi. Ita fa ko gaishe ni ba ta yi yanzu."

Asibiti na nan, tafiyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba, kuma motarsa na tsakar gida da mai a ciki. Ya san allurar na can a kabad ɗin ɗakin gaggawa. Ya san kowace awa da ta wuce wani wuri ne ke mutuwa a kan matarsa, shi ya rubuta hakan, an buga. Amma washegari ne kwamitin ƙarin girma zai zauna da shi, kuma biyu daga cikinsu a asibitin suke aiki. Ya ce wa kansa allurar za ta iso da safe, ya yi mata a gida ba wanda ya ji. Da safe ba ta iso ba. Ya sa kwat ya tafi gaban kwamiti, ya amsa tambayoyi da kyau. Da yamma mai kemis ya ce wanda zai kawo ya yi tafiya, sai jibi. Dakta ya ce to, jibin.

Ba a kai jibin ba yayan Auta ya iso. Ya sauke kaya, ya yi ta kiran wayarta a kashe, sai ya zo ko wanka bai yi ba. Inna ta tare shi a ƙofar falo da fara'a.

"Maraba, ɗana. Barci take, kuma mijinta ya ce kada a tashe ta."

"Zan ganta tana barcin."

"Ba a shiga ɗakin matar mutane haka."

"Ƙanwata ce kafin ta zama matar mutane. Matsa, Inna, kada in taɓa ki."

Ya duba ɗakinta, ba ta nan. Wari ne ya kai shi ɗakin baya. Ya tura ƙofa ya tsaya, ƙaton mutum, sai da ya dafa bango. Auta ta buɗe ido, fuskarta ta washe.

"Yaya, ka dawo? Umma ta ce ka sayo kalanzir."

Ummansu ta shekara goma a ƙasa. Ya sunkuya zai ɗaga ta, sai ya ga katifar ta jiƙe da jini daga ƙugunta zuwa gwiwa, har ya fara bushewa a gefe. Ya naɗe ta da zanen gadon ya ɗauka, ba ta fi buhun da ba a cika ba nauyi.

Inna ta biyo shi har waje. "Ba izinin mijinta za ka fita da ita?"

"Ki ce ya same ni a asibiti ya ba ni izinin."

A ɗakin gaggawa wata matashiyar likita ce ke aiki. Ta ɗaga fatar idon Auta, ta dubi hannun, ta ƙwala wa nas kira ta kawo allurar kafin a taɓa komai. Ana cikin yi Dakta ya shigo da kwat ɗinsa. Likitar ta miƙe tsaye, don ya koyar da ita.

"Malam, matarka ce? Yaushe idon ya fara?"

"Jiya," in ji Dakta. "Ni na yi tafiya. Na bar mata magani ta ƙi sha, kin san mata da taurin kai."

"Waɗannan hujin fa? Ruwa aka sa mata?"

Ya dubi ƙofa. Yayan na can waje, an hana shi shiga, yana zaune a ƙasa da jini a rigarsa.

"Danginta ne suka kira wani ya sa mata ba da sanina ba. Ba su yi karatu ba."

Likitar ta dube shi, ta dubi leɓɓan Auta da ƙasusuwan wuyanta, waɗanda ba jiya suka fito ba. Ta sunkuyar da kai ta rubuta abin da ya faɗa.

Cikin ya riga ya mutu, sai wanke shi aka yi. Namiji ne. Allurar ta yi abin da ya rage mata ta yi: idon ya daina rawa, aman ya tsaya, bayan 'yan makonni Auta ta fara takawa, ƙafafu a buɗe, hannu a bango. Amma wurin da ke riƙe sabon abu a kanta ya riga ya ƙone. Ta san yayanta, ta san mijinta, ta san sunayen 'yan ajinsu na firamare. Abin da aka faɗa mata yanzu kuwa, kafin a kai bakin ƙofa ya zube. Nas ɗin da ke mata wanka kullum, kullum sai Auta ta tambaye ta sunanta.

Da aka sallame ta Inna ta ce ita ta tsufa, ba za ta iya da mai taɓin hankali ba. Dakta ya ce gidan yayanta zai fi mata, ta ga fuskokin da ta saba da su, na ɗan lokaci. Ya aiko da akwatinta a bayan motar mai kemis.

Kujerar ta fito. Farfesa ake ce masa yanzu. Bidiyon nan ya yanke shi ya bar idanun kaɗai, ba hanci ba baki, yana haska shi a bangon manyan ɗakunan taro, idanu biyu kowanne ya fi faranti girma suna fizga. Yakan ce wata mai ciki ce daga gidan da ba ilimi, an makara ba a kawo ta ba. Yakan ɗan yi shiru a nan, sannan ya ce abin takaicin shi ne allurar ba ta da tsada. Ana tafa masa sosai.

Auta na ɗakin da ke kusa da kicin a gidan yayanta. Kullum ta farka, hannunta ne ke fara zuwa cikinta. Ta shafa, ta sake shafawa, ta ɗaga riga ta duba. Sai ta bi bango ta fito inda matar yayan ke wanke-wanke.

"Anti, cikina fa? Ya koma ina?"

Ranar farko matar ta zaunar da ita ta faɗa mata gaskiya. Auta ta yi kururuwa har maƙwabta suka shigo, ta yi birgima a siminti, ta yi kuka har muryarta ta dushe, barci ya ɗauke ta. Da la'asar ta tashi, idanu a kumbure ba ta san dalili ba, ta shafa ciki, ta fito.

"Anti, cikina fa?"

Yayan ya ce kada a sake faɗa mata. A ce yana nan, ƙarami ne bai fito ba. Wani lokaci ta yarda, ta koma ta zauna tana murmushi tana lissafin watanni da yatsu. Amma Auta ba wawiya ba ce, mantuwa kawai take yi. Sau da yawa takan tsaya ta ƙura wa matar ido, ta ga yadda ta kasa ɗagowa daga kan kwanukan.

"Anti, dube ni. Ya mutu ko?"

Matar ta kawar da kai, kumfa na ɗiga daga hannunta. Wannan ya isa. Auta ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka, kukan ya taso sabo fil, kamar yanzu aka fito da ɗan daga ɗakin tiyata.

Farfesa ya karɓi gaisuwar ɗansa sau ɗaya, a ofis, ya ce haka Allah ya so, ya koma wurin ɓerayensa. Auta kuwa ɗanta na mutuwa duk ranar da ta tambaya, kuma ba ranar da ba ta tambaya.